Karatun da ya komar da Bonhoeffer Jamus

Ranar 1 ga Fabrairu, 1933, kwana biyu kacal bayan an naɗa Adolf Hitila shugaban gwamnatin Jamus, wani matashin malamin tauhidi ɗan shekara 26, mai suna Dietrich Bonhoeffer, ya yi jawabi a wani gidan rediyo na birnin Balin. Batunsa shi ne yadda samarin zamaninsa suke kallon shugaba. Ya nuna musu cewa shugaban ƙwarai ya san iyakar ikonsa, kuma aikinsa shi ne ya reni mabiyansa har su iya tsayawa da ƙafafunsu; amma ranar da ya yarda suka mai da shi gunki, ya tashi daga mai shiryarwa ya koma mai ɓatarwa. A Jamusanci haruffa uku ne suka raba kalmomin nan biyu, Führer da Verführer. Bai kai ƙarshen jawabin ba aka katse shi. Har yau masana tarihi suna saɓani a kan ko da gangan aka yi, ko kuwa lokacin da aka ba shi ne ya cika.

Ɗalibin Hausa ba zai sha wuyar gane manufarsa ba, domin kalmar “jagora” ta riga ta ɗauki ma'anar. Asalinta jan gora ne: mai ido ya riƙe kan sanda yana gaba, makaho ya riƙe ƙarshenta yana biye. Wanda ke gaba amana ya ɗauka, in ya ga dama ya kai mutum gida, in ya ga dama ya kai shi rami, kuma na baya ba shi da halin sanin wanne ne sai an isa.

Abin tambaya shi ne inda saurayin nan ya samo idon da ya ga ramin tun daga nesa, da zuciyar da ta hana shi yin shiru har tsawon shekara 12, zuwa ranar da aka rataye shi. Amsar tana da alaƙa da littattafai, kuma tana da amfani a yau, lokacin da kantunan littattafan Kirista suka cika da ayyuka masu alkawarin gina mutum da koya masa shugabanci. Littafin Norman Vincent Peale na 1952 a kan ƙarfin kyakkyawan tunani yana cikinsu, haka ma na John Maxwell na 1998 mai dokoki 21 na shugabanci. Dukansu biyu fastoci ne na Amurka. Ba a raina su ba. Sun koya wa mutane da yawa tsara lokaci, da riƙon alkawari, da daina raina kai. Sai dai tarihin Bonhoeffer yana nuna cewa karatun da ke haifar da ƙarfin hali wani iri ne daban: kaɗan ne, ana yin sa a hankali, ana yin sa cikin jama'a, kuma yakan rage wa mai shi wani abu kafin ya ƙara masa.

An haifi Bonhoeffer a 1906 a gidan ilimi da wadata. Mahaifinsa babban likitan taɓin hankali ne a jami'ar Balin, gidansu kuwa ba masu yawan zuwa coci ba ne. Yayansa Walter ya mutu a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, daga baya mahaifiyarsu ta ba Dietrich Littafi Mai Tsarkin mamacin, shi ne kuma ya riƙa karantawa har ƙarshen ransa. Ya sami digirin dakta yana ɗan shekara 21. Ta fuskar yawan karatu, da wuya a sami tsaransa da ya fi shi. Duk da haka, a wata wasiƙa da ya rubuta a 1936, ya shaida cewa a waɗancan shekaru ya yi ta wa'azi da rubutu alhali bai zama Kirista ba tukuna, burin kansa kawai yake yi wa hidima. Ya ce abin da ya kwance shi daga wannan hali shi ne Littafi Mai Tsarki, musamman Huɗubar Kan Dutse, wato sura ta 5 zuwa ta 7 a Bisharar Matiyu.

Wannan shaida tana da nauyi, domin surorin ba baƙi ba ne a wurinsa. Ya san su da Girkanci tun yana ɗalibi. Abin da ya sauya shi ne yadda yake karanta su, kuma mutane ne suka sauya masa shi. A shekarar da ya yi a New York, daga 1930 zuwa 1931, ya yi abota da wani fasto Bafaranshe, Jean Lasserre, wanda ya dage cewa umarnin ƙaunar magabci da ke cikin huɗubar an ba da shi ne don a aikata. Malaman Jamus da yawa a lokacin suna koyar da cewa manufar huɗubar ita ce ta nuna wa mutum kasawarsa, ya nemi gafara, shi ke nan. Wani abokin kuma, baƙar fatan Amurka mai suna Frank Fisher, ya kai shi majami'ar Abyssinian Baptist da ke unguwar Harlem, inda ya koyar da yara ranar Lahadi, ya kuma ga yadda mutanen da ake wulaƙantawa saboda launin fatarsu suke karanta littafin nan guda su ji yana magana a kan halinsu. Ya koma gida da faya-fayan waƙoƙinsu.

Kada a ɗauka daga nan ya zama jarumi. A watan Afrilun 1933 ya rubuta maƙala a kan haƙƙin da ke wuyan ikilisiya game da Yahudawa, inda ya ce bai isa a yi jinyar waɗanda mulki ya taka ba, akwai lokacin da ya wajaba a tare mulkin kansa. A cikin watan nan dai mahaifin mijin tagwainiyarsa Sabine ya rasu. Mamacin Bayahude ne, dangi suka roƙi Bonhoeffer ya yi jawabi a jana'izar. Ya nemi shawarar wani babba a ikilisiya, aka ce masa kada ya yi, ya kuwa ƙi yi. Bayan 'yan watanni ya rubuta wa surukin nasa yana neman gafara, yana mamakin irin tsoron da ya kama shi. Alƙalaminsa ya riga zuciyarsa isa. Littattafan gina kai ba su cika son irin wannan labari ba, domin ya ɓata tsarin hawa mataki-mataki da suke zanawa, amma a nan ne ake ganin ainihin aikin karatu: ya ba shi ma'aunin da ya auna kansa da shi ya ga ya gaza, ya kuma hana shi ƙirƙiro wa kansa uzuri.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa a kan duk wannan, kuma bai kamata a kauce mata ba. Littafin da Bonhoeffer yake karantawa shi ne a hannun dubban fastocin da suka yi wa Hitila maraba. A zaɓen ikilisiya na watan Yulin 1933, ƙungiyar da ke kiran kanta Kiristocin Jamus, masu goyon bayan 'yan Nazi, ta lashe kusan kashi biyu cikin uku na kujeru. Ba da jimawa ba majalisar ikilisiyar Prussia ta amince da dokar hana duk mai jinin Yahudawa zama fasto. A 1939 aka kafa wata cibiya a garin Eisenach wadda aikinta shi ne kankare duk wani tasirin Yahudanci daga addinin Kirista, a 1940 kuma ta fitar da Sabon Alkawari da aka yi wa aski don ya dace da ra'ayin gwamnati. Waɗannan mutane ba jahilai ba ne, akwai farfesoshi a cikinsu. Ko a cikin Ikilisiya Mai Shaida, wadda aka kafa a 1934 don ƙin miƙa wa gwamnati ragamar addini, yawancin fastoci sun yi wa Hitila rantsuwar biyayya a 1938. Ashe mallakar littafi mai kyau ba ta ba kowa tabbacin komai. Mutum yana iya zuwa wurin littafi don ya ji abin da zai faranta masa, ya kuwa same shi, ko da sai ya yage wasu shafuka.

Bonhoeffer ya gane haka, shi ya sa da aka ba shi riƙon makarantar horar da fastoci ta Ikilisiya Mai Shaida a 1935, ya fi damuwa da yadda za a yi karatu bisa ga yawan abin da za a karanta. Makarantar ta zauna a Finkenwalde, kusa da birnin Stettin, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland. Ɗalibai 23 ne suka fara. Kowace safiya sukan taru su karanta Zabura da wasu surori masu tsawo, sa'an nan kowa ya keɓe rabin sa'a yana bimbini a kan 'yan ayoyi ƙalilan, waɗanda ba a sauya su sai mako ya cika. Ba a buɗe littafin sharhi a wannan rabin sa'a, ba a shirya wa'azi da ita. Samarin da suka fito daga jami'a suna taƙama da Girkanci da Ibrananci sun ga abin kamar ɓata lokaci. Wasu suka yi gunaguni, wasu barci ya riƙa sace su. Har babban malamin nan Karl Barth ya nuna rashin jin daɗinsa, yana ganin abin ya yi kama da zaman sufaye. Bonhoeffer bai janye ba. Hujjarsa ita ce, wanda ya saba juya nassi yadda yake so yana bukatar ya koyi zama shiru har nassin ya juya shi.

Ya kuma sa dokar da ta fi bimbinin wuya: kada wani ya yi maganar ɗan'uwansa a bayan idonsa, in kuwa ya yi, ya je ya gaya masa. Ya ƙarfafa su su riƙa furta laifofinsu ga juna, shi da kansa ya fara, a gaban ɗaya daga cikin ɗalibansa. Littattafansa ya zube su kowa ya ɗauka. Abokinsa Eberhard Bethge, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin wata rana a farkon zaman, da aka aiko daga kicin ana neman masu taya wanke kwanuka. Ba wanda ya motsa. Shugaban makarantar ya tashi bai ce uffan ba, ya shiga ya kama wanke-wanke, waɗanda kunya ta taso da su daga baya kuma ya hana su shiga. Shekara 35 bayan haka ne Robert Greenleaf, tsohon ma'aikacin kamfanin AT&T, ya wallafa maƙalarsa ta 1970 wadda ta yaɗa ra'ayin shugaba mai hidima a duniyar kasuwanci. Ɗaliban Finkenwalde sun ga darasin a bakin kicin tun ba a raɗa masa suna ba.

Daga laccocin da ya yi a can ne littafinsa mafi shahara ya fito a 1937. Sunansa da Jamusanci Nachfolge, ma'anarsa bin sawu. Kiristocin Hausa za su ce almajiranci. Babban ɓangarensa sharhi ne a kan Huɗubar Kan Dutse, kuma a farkonsa ya bambanta alheri iri biyu, mai araha da mai tsada. Mai araha shi ne gafarar da mutum ke yanka wa kansa ba tare da tuba ba, addinin da ba ya neman a sauya komai. Mai tsada kyauta ne shi ma, amma wanda ya karɓe shi ya karɓi kira, kiran kuwa yana iya cin ransa. In aka ajiye wannan littafi kusa da na Maxwell, wanda yake auna shugabanci da yawan tasirin mutum a kan wasu, sai a ga inda hanya ta rabu. Adalci ne a ce Maxwell ya yi magana a kan amana da sadaukarwa. Amma ma'aunin tasiri shi kaɗai ba ya iya raba jagora da mai ɓatarwa, domin a Jamus ta 1937 babu wanda ya kai Hitila tasiri, Bonhoeffer kuwa a shekarar ne 'yan sandan Gestapo suka rufe masa makaranta, aka kama tsofaffin ɗalibansa 27. Ta ma'aunin kasuwa, shi ne wanda ya faɗi.

Ya ci gaba da koyarwa a ɓoye a ƙauyukan Pomerania. Bayan daren 9 ga Nuwamba, 1938, da aka ƙone majami'un Yahudawa a faɗin ƙasar, ya rubuta kwanan watan a gefen Zabura ta 74 a cikin Littafi Mai Tsarkinsa, daidai ayar da ke kukan ƙone wuraren sujada. Ɗan ƙaramin rubutu ne, amma yana nuna irin karatun da yake yi: tsohon nassi da labarin jiya a shafi guda. A 1940, lokacin da ake tsangwamar Tsohon Alkawari da sunan littafin Yahudawa, ya fitar da ɗan littafi a kan Zabura yana kiranta littafin addu'ar Kirista. A shekarar aka hana shi magana a bainar jama'a, a 1941 aka hana shi buga littafi.

Gwajin da ya fi kowanne bayyana aikin karatu a rayuwarsa ya zo a 1939. Ana shirin kiran tsararsa aikin soja, shi kuwa ba zai iya yi wa Hitila rantsuwa ba, ƙin yi kuma hukuncinsa na iya zama kisa. Abokansa na Amurka, ciki har da Reinhold Niebuhr, suka samo masa aikin koyarwa, ya isa New York a watan Yuni. Ga tsira, ga aiki, ga laburare, ba kuwa mai zarginsa. Amma littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum ya nuna mutum ne da ya rasa sukuni. Yana da al'adar karanta ayoyin kowace rana da 'yan'uwan Moravia suke bugawa shekara-shekara, kuma ranar 26 ga Yuni ya ci karo da wurin da Bulus, yana kurkuku, yake roƙon Timoti ya gaggauta zuwa kafin hunturu. Ya rubuta cewa ayar ta bi shi yini guda. Ba a ce aya ɗaya ce ta yanke masa shawara ba. Tun kafin ranar ya riga ya ƙi aikin. Abin da shekarun bimbini suka yi masa shi ne sun saba masa da jin nassi a matsayin magana da aka yi da shi. Ya rubuta wa Niebuhr cewa zuwansa kuskure ne, kuma ba zai sami bakin shiga aikin sake gina ikilisiyar Jamus bayan yaƙi ba in bai sha wuyar wannan lokaci tare da mutanensa ba. Kwana 26 ya yi. Bai cika wata biyu da komawa ba yaƙi ya ɓarke.

Abin da ya biyo baya yana da wuyar haɗiya ga mai son labari mai santsi. Ta hannun surukinsa Hans von Dohnanyi ya shiga hukumar leƙen asirin soja, inda wasu hafsoshi suke ƙulla yadda za a kawar da Hitila. Ya yi amfani da tafiye-tafiyensa wajen kai saƙo waje. A 1942 ya sadu da Bishop George Bell na Ingila a Suwidin ya ba shi bayanin masu shirin. Ya taimaka aka fitar da Yahudawa 14 zuwa Suwizalan. Mutumin da Huɗubar Kan Dutse ta gina, wanda har ya yi niyyar zuwa Indiya ya zauna wurin Gandhi, ga shi cikin masu shirin kisa, yana zaman ɓad-da-kama. Bai taɓa cewa littafin ya halatta masa ba. A rubutunsa na ɗa'a, wanda bai kammala ba, ya ce mai ɗaukar nauyin wasu yakan kai inda dole ya ɗauki laifi a wuyansa, ya bar hukunci ga Allah. Ana iya saɓa masa a nan, Kiristoci masu ƙin zubar da jini da yawa sun saɓa masa. Abin da ba a iya cewa shi ne ya ɓuya a bayan aya. Karatu ya kai shi bakin shawara, bai ɗauke masa nauyin yanke ta ba.

An kama shi ranar 5 ga Afrilu, 1943, wata uku bayan an yi masa baiko. Ya yi wata 18 a kurkukun Tegel yana karatu kamar mai jin yunwa: Tsohon Alkawari ya sauke shi ya sake, ga littafin Thomas à Kempis na koyi da Almasihu da Latin, ga tarihi da ƙagaggun labarai. Ranar 21 ga Yuli, 1944, washegarin da yunƙurin kashe Hitila ya ci tura, ya san tasa ta kusa ƙarewa, ya rubuta wa Bethge wasiƙar da ta fi kowace dacewa da masu neman gina kai. Ya tuna hirarsa da Lasserre a Amurka, inda Bafaranshen ya ce burinsa ya zama waliyyi, shi kuwa ya ce yana so ya koyi bangaskiya. Ya yarda cewa ya daɗe yana zaton zai same ta ta hanyar ƙoƙarin zama tsarkakakke, kuma Nachfolge shi ne ƙarshen wannan hanya. Yanzu yana ganin haɗarin littafin, ko da yake bai janye shi ba. Abin da ya koya daga baya shi ne mutum ya daina ƙoƙarin mai da kansa wani abu, ya shiga cikin nauyin duniya da wahalar mutane gaba ɗaya. Marubuci ke nan yana gargaɗi a kan littafinsa da ya fi karɓuwa, saboda yana iya sa mai karatu ya shagala da kallon kansa. Da wuya a sami irin wannan gargaɗi a bangon littattafan da ake sayarwa yau.

Daga baya wani mai gadi ya shirya masa hanyar gudu. Da aka kama yayansa Klaus sai ya fasa, don kada a huce a kan iyali. An rataye shi a sansanin Flossenbürg da asubahin 9 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 39, mako biyu kafin sojojin Amurka su isa wurin. A cikin watan aka kashe Klaus da surukansa biyu.

Ikilisiyarsa ba ta yi saurin karɓarsa ba. Lokacin da yake tsare, ba a sa sunansa cikin jerin waɗanda Ikilisiya Mai Shaida take yi wa addu'a ba, domin ana ganin laifinsa na siyasa ne. A 1951 Bethge ya buga wasiƙun kurkuku, daga nan sunansa ya fara zagaya duniya. Sai a 1996 wata kotu a Balin ta tabbatar cewa hukuncin da aka yanke masa ba shi da inganci. A 1998 aka kafa siffarsa a bisa ƙofar yamma ta majami'ar Westminster a Landan, cikin shahidai goma na ƙarni na 20. A jerin akwai Martin Luther King, akwai kuma Janani Luwum, babban bishop na Uganda, wanda aka kashe a watan Fabrairun 1977, kwanaki kaɗan bayan shi da sauran bishop-bishop sun aika wa Idi Amin takardar ƙorafi a kan kashe-kashen da sojojinsa suke yi.